Littafin Hunturu: Yadda Za Ka Zaga Daji Ka Dawo da Launinsa a Takarda

Da zarar an gama ɗaure dawa, an kwashe kara, iska ta juyo da sanyinta, sai ka ji mutane suna cewa daji ya mutu, babu sauran abin kallo sai damina ta dawo. Ni ban yarda da wannan maganar ba. Hunturu huɗu ke nan ina riƙe da wani littafi da nake fita da shi bayan gari, a ƙauyenmu da ke gabas da Kano, kuma ban taɓa dawowa hannu rabbana ba. Littafi ne da ake haɗa zane da rubutu da liƙe-liƙe a shafi guda: tawada a nan, jar ƙasa a can, ganyen gawo a gefe, ƙyallen atamfa a ƙasa, sannan layi biyu ko uku na abin da ido ya gani ranar. Abin da ya fi daɗi shi ne kusan duk launin da za ka buƙata yana kan hanyar da za ka bi.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya taɓa ganin allon zayyana na sauka ya san yadda ake haɗa rubutu da launi. A Birnin Kudu kuwa, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu wanda mutanen zamanin da suka yi a jikin dutse, har yau ana zuwa kallo.

Mataki na farko: littafin kansa

Kada ka yi amfani da littafin rubutu mai layi, takardarsa ba ta ɗaukar ruwa, nan da nan za ta kumbura ta yage. Nemi farin kwali irin wanda 'yan makaranta suke saye don zane. Yanka shi daidai girman littafin rubutu idan an buɗe, ka jera guda huɗu, ka ninka biyu. Ka yi irin wannan ɗauri uku ko huɗu. Huda rami uku a kan ninkin da basilla, ka ɗinke da zare mai ƙwari, ko ka kai wa baduku ya haɗa maka su ya sa bango. Roƙe shi ya bar ɗinkin da ɗan sassauci, domin littafin zai yi ciki idan liƙe-liƙe suka taru. Ni tsakanin shafuka nakan saka bayan tsohuwar kalanda da takarda mai ruwan ƙasa, saboda farin launi ya fi fitowa a kansu.

Mataki na biyu: haɗa launi

A nan zan daɗe, don a nan aikin yake.

Komai yana tsayuwa ne a kan ƙaro. Shi ne yake riƙe launi a jikin takarda, kamar yadda yake riƙe tawadar allo. A rani yake fitowa a jikin dakwara, dunƙule-dunƙule masu haske, kuma ana samunsa a kasuwa wajen masu sayar da kayan tawada. Daka shi, ka zuba awo ɗaya na ƙaro da awo biyu na ruwan ɗumi a kwalba, ya kwana. Da safe ka tace da ƙyalle mai tsabta. Sai ka ɗiga zuma kaɗan a ciki. Wannan zumar ba ado ba ce: iskar hunturu tana busar da ƙaro har ya tsage kamar faso a diddige, zuma kuwa tana riƙe masa ɗan danshi. Kada ka haɗa da yawa, wanda zai yi maka mako guda ya isa, in ya daɗe yana tsami.

Baƙi shi ne mafi sauƙi, duk wanda ya yi makarantar allo ya san zuge. Gawayi mai laushi ko baƙin gindin tukunya, a niƙa shi lilis, a haɗa da ruwan ƙaro. Akwai wani baƙin kuma da nake so ƙwarai. Farfasa bagaruwa cikin tafi ɗaya ka jiƙa kwana biyu, a wani gwangwanin kuma ka jiƙa tsoffin ƙusoshi masu tsatsa da ɗan lemon tsami. Ruwan bagaruwa shi kaɗai ruwan ƙasa ne mai kyau. Amma ka shafa shi a takarda, ka ɗiga ruwan ƙusa a kai, a gaban idonka zai rikiɗe ya koma baƙi mai ratsin shuɗi. Abin da ke cikin bagaruwa wanda majema suke jima da shi, shi ne yake kama ƙarfen. Sai dai wannan tawadar tana cin takarda a hankali idan ta yi kauri, don haka a tsarma ta.

Ƙasa ita ce uwar littafin. Ka riƙa tafiya da ƙananan ledoji, duk inda ka ga launin ƙasa ya sauya ka ɗebi kaɗan: jar marmara a gefen hanya, baƙar laka a fadama, rawayar ƙasa a bakin kududdufin da ake haƙar ƙasar gini, farar ƙasa irin ta shafen ɗaki. Ƙasar shuri ma tana da kyau, gara ta riga ta tankaɗe maka ita. A gida ka zuba ƙasar a kwano, ka cika ruwa, ka dama sosai. Ƙirga talatin, yashi zai kwanta. Tsiyaye ruwan saman mai gurɓi a wani kwanon, ka bar shi ya kwana. Da safe za ka tarar da ruwa garai-garai a sama, laushin ƙasa kamar kamu a ƙasa. Zubar da ruwan, ka shanya laushin, ka haɗa shi da ƙaro a murfin kwalba. Gwajinsa ɗaya ne: shafa a takarda, in ya bushe ka goga da yatsa. In ya biyo yatsanka, ƙara ƙaro. In yana ƙyalli yana tsagewa, ƙaro ya yi yawa, ƙara ƙasa.

Ga wani launi da ban taɓa jin wani ya ambata ba, ni ma sa'a ce ta haɗa ni da shi. A ranar da buji ya sauka sosai, ka ajiye faranti mai faɗi a kan soro ko kan rumbu, ya yi kwana biyu. Ƙurar da za ta taru ba irin ta gari ba ce, fara-fara ce, da laushi kamar hoda. Mafi yawan wannan ƙurar daga Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, ƙasan wani tsohon tafki da ya ƙafe, iska ta kwaso ta daga arewa maso gabas har ƙofar ɗakinka. Tattara ta da gashin kaza, ka haɗa da ƙaro. Da ita nake yin sararin sama a shafukana, hazo ne da kansa a kan takarda, kuma babu wani fenti na kanti da ya taɓa ba ni wannan launin.

Zoɓo yana shigowa daidai lokacin, mutanen Jigawa sun fi kowa sani, buhu-buhu ake lodinsa a kasuwar Maigatari. Jiƙa cikin tafi ɗaya a ruwan zafi rabin kofi, ya yi kauri. Raba shi uku. Na farko ka bar shi haka. Na biyu ka matsa lemon tsami, ja zai ƙara haske. Na uku ka sa ɗan ruwan kanwa, zai juya ya koma shuɗi-shuɗi, in kanwar ta yi yawa ya tafi kore mai duhu. Amma zoɓo ba ya jure rana. A shekarata ta farko na yi faɗuwar rana a bayan wata kuka da zoɓo, ta yi kyau har na cire shafin na kafa a bango. Kafin azahar ɗin bazara ta fara zafi, jan nan ya koɗe ya koma kalar toka, kuma ba ni da wani. Har yau ina jin ciwon shafin nan. Abin da aka yi da zoɓo a bar shi a rufe cikin littafi.

Saura kuma a taƙaice: lalle yana ba da ruwan goro, kurkur rawaya, karan dafi ja mai duhu irin na jar fata. Shuɗi ne kawai daji ba zai miƙa maka a sauƙaƙe ba. In ka shiga birni ka nemi ɗan shuni wajen marina, ko a Ƙofar Mata inda ake cewa tun 1498 ake rini, in ba hali kuwa bular wanki ta wadatar.

Alƙalami na kara ne, ka fiƙe guda biyu, siriri da mai faɗin baki. Buroshi kuwa, tauna bakin ɗanyen icce kamar za ka yi asuwaki. In ka samu na kanti ɗaya mai laushi don shafa ruwa, madalla.

Mataki na uku: fita

Zaɓi hanya ɗaya, wadda ba ta fi tafiyar rabin awa ba, ka riƙe ta har hunturu ya wuce. Wannan ita ce shawarar da na fi matsa wa mutane a kanta. Mai sauya hanya kullum wuri kawai yake gani. Mai maimaita hanya ɗaya shi ne zai lura cewa magaryar da ke kore a farkon Disamba ta fara ja, kududdufi ya janye taku goma, ƙasan da ya bari ta tsattsage. Tawa hanyar tana fita ta bayan makabarta, ta bi burtali, ta sauka fadama, ta dawo ta gindin wani gawo.

A muku-mukun sanyi, rana ba ta leƙowa sai wajen ƙarfe bakwai saura, kuma yatsa ba ya riƙe alƙalami a lokacin. Bari sai hantsi ya ɗan ɗaga, ko ka fita da la'asar sakaliya, lokacin da rana take zama kamar farin faranti a cikin hazo. Shafa man kaɗe a leɓe da ƙafa, amma ka goge yatsunka sosai, maiƙo yana hana launi kama takarda. Sa takalmi rufaffe saboda ƙaya da ƙarangiya. Mai asma ya sa takunkumi, ranar da ƙura ta yi yawa kuma ya haƙura. Kada ka zura hannu ƙarƙashin tarin kara ko cikin ramin shuri, sanyi yana sa maciji ya lafe a irin wuraren nan. Tumfafiya da tinya ka zana su daga nesa, ruwansu yana illata ido. Ka faɗa wa mutanen gida inda ka nufa, kada kuma ka yi nisa kai kaɗai. 'Yan'uwa mata, ku fita ku biyu ko uku, ko da yara, hanyar rijiya ko ta lambu ma ta isa a cika littafi.

Kayan da za ka ɗauka kaɗan ne: littafin, fensir, gutsuren gawayi, ledoji, da tsohuwar jarida da za ka danne ganye a ciki. Launuka su zauna a gida. A waje iska za ta busar da su tun a murfin, ƙura kuma ta kwanta a kan ɗanyen shafi.

Ka gaisa da duk wanda ka tarar. Mutum tsaye a gonar wani da littafi da fensir abin tsoro ne a ƙauye, kuma da dalili. Ranar da na fara tsayawa gindin gawon nan, wani dattijo ya sauko daga kan jakinsa ya nufo ni.

"Sannu da aiki, Baba," na ce.

"Yawwa, ɗan nan. Awon gona aka turo ka?"

"A'a Baba, itacen nan nake zanawa."

Na miƙa masa littafin da hannu biyu. Ya daɗe yana kallo, ya ɗaga kai ya dubi gawon, ya sake duban takarda. Sai ya ce, "Ka manta harawar da ke sama." Gaskiyarsa, akwai damin harawa uku a cikin rassan, idona ya tsallake su. Ya ce shi ya tarar da gawon nan, mahaifinsa ma tarar da shi ya yi, kuma dawar da ke gindinsa ta fi ta ko'ina a gonar. Maganarsa na rubuta a ƙasan zanen, yadda ya faɗe ta.

A kowace fita, tsaya wuri uku kawai, minti biyar-biyar. Tsayuwar farko ka dubi nesa, ka ja layi uku ko huɗu: inda ƙasa ta haɗu da sama, inda itatuwa suka jeru, inda hanya ta lanƙwasa. Ta biyu ka dubi itace guda. Kuka ta fi sauƙi ga mai koyo, ta zubar da ganye tsaf, ba abin da ya ɓoye, ga 'ya'yanta suna reto. Gawo kuwa shi yake yin akasin kowa: da damina yake tsirara, yanzu da kowa ya bushe shi ne kore shar, daga baya ya zubo da 'ya'yansa masu murɗe da awaki suke rububi. Ta uku ka tsuguna ka dubi ƙasa: sawun fakara a kan yashi, tushiyar dawa, fatar da maciji ya saɓule. Ɗora shafi a jikin bawon itace ka goga gawayi a kwance, zanen bawon zai fito da kansa.

Kafin ka bar wurin, rubuta kwanan wata, lokaci, da yanayin hazo. Ni ma'aunina shi ne wata giginya da ke can bakin fadama: in ina ganin ganyenta, hazo kaɗan ne, in inuwarta kawai nake gani ya yi kauri, in ta ɓace gaba ɗaya sai in rubuta "yau babu giginya". Rubuta abin da ka ji da kunne da hanci ma, kukan kurciya, ƙarar injin ban-ruwa daga lambun tumatir, ƙaurin ƙunar daji.

Wanda yake kusa da Haɗejiya yana da wata garaɓasa. A dausayin Baturiya, wanda aka sa cikin jerin wuraren yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyin duniya a 2008, a wannan lokacin ne tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai suke sauka, su cakuɗu da kirinjijiya da zalɓe da dinya na gida.

Mataki na huɗu: gina shafi

Ka yi shi a ranar, kafin abin ya dushe a ranka. Zauna cikin ɗaki ko zaure, ba tsakar gida ba.

Fara da shimfiɗa. Jiƙa takardar da ruwa zalla, sannan ka shafa launin sama tun tana da danshi, da sauri, domin a wannan iskar minti biyu ya isa ta bushe ta bar maka tabo. In ta lanƙwashe, jira ta bushe ka danne ta da wani abu mai nauyi.

Sirrin zana hazo shi ne hawa uku na launi ɗaya. Ɗauki ruwan bagaruwa ko zuge, ka raba a murfi uku: na farko ruwa ya rinjaya har da ƙyar ake ganinsa, na biyu tsaka-tsaki, na uku mai kauri. Itatuwan nesa da na farko, ba reshe ba ganye, dunƙule kawai, gindinsu ma kada ya taɓa ƙasa sosai. Bari ya bushe. Na tsakiya da na biyu, a nan rassa suka fara bayyana. Abin da ke gabanka, kara ko dutse ko reshen ƙaya, da na uku, da alƙalami, kowace ƙaya a fiƙe. Masu koyo sukan baƙanta na nesa don sun san itace ne babba. Zana abin da hazo ya bar maka, ba abin da ka sani ba.

Sai liƙi. Dama cokali ɗaya na sitaci da cokali shida na ruwa, ka dafa a wuta kaɗan kana juyawa har ya yi haske kamar koko. Ganye ba a liƙa shi ɗanye. Ya yi kwana biyar zuwa bakwai a cikin jarida ƙarƙashin bulo, kana sauya jaridar. Abu mai kauri kamar gashin zabo ko tsinken gamba, ɗinke shi da zare, ɗinki biyu ya isa. Takarda kuwa yaga ta ya fi yanka ta da almakashi, bakin yagaggiyar takarda ya fi kama da tudu. Ƙyallayen da tela yake sharewa ka roƙa, atamfa mai kore ta zama lambu a bakin fadama, yadi mai ruwan toka ya zama dutse. In kana son yashin hanya, shafa ƙaro mai kauri, barbaɗa yashi tankaɗaɗɗe, kakkaɓe saura. Abu uku ko huɗu sun ishi shafi. In ka cusa komai, ido ba zai san inda zai sauka ba, hunturu kuma fili ne da sarari.

A kula da wannan sosai: kafin ka yaga jarida ko kalanda, duba gaba da baya. Duk takardar da ke da aya ko sunan Allah ba ta shiga wannan aikin. Haka kuma, akwai waɗanda zuciyarsu ba ta natsu da zana abu mai rai ba. Wannan ba zai hana ka komai ba. Littafina na bana babu tsuntsu ko ɗaya a ciki, amma akwai sawunsa, da gashinsa, da sheƙarsa a reshen aduwa, da sunansa a rubuce.

Rubutu ne na ƙarshe, bayan komai ya bushe. Da boko ko da ajami, wanda hannunka ya fi sakewa. Kada ka rubuta "daji ya yi kyau". Rubuta "yara uku suna kaɗa kanya da sanda, ƙaramin ba riga, yana rawar ɗari". A gefen shafi ka ɗiga kowane launi da ka yi amfani da shi, ka sa inda ka samo shi: jar ƙasar bakin kwalbati, lakar fadama, ƙurar ranar Talata. Baɗi za ka nemi wannan bayanin.

Wurin da aka yi aiki da gawayi, ɗora siririyar takarda a kai don kada ya shafi ɗan'uwansa. Sitaci abincin kyankyaso da gara ne, saboda haka ka saka busasshen ganyen darbejiya tsakanin shafuka, ka naɗe littafin a ƙyalle, ka ajiye shi a akwatin ƙarfe ko a rataye, kada ya taɓa ƙasa ko jikin bangon ƙasa.

Sau biyu a mako ya isa. Daga farkon Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu za ka tara shafi ashirin da wani abu. Ranar da ka ga audugar rimi ta fara tashi a iska, dare kuma ya daina neman bargo, ka yi shafin rufewa. Amma ka bar shafi biyu farare a bayansa. A watan Yuli, lokacin da shuka ta rufe kunya, ka koma gindin gawon nan ka tsaya daidai inda ka saba tsayawa, ka zana shi ba ganye ko ɗaya, da dawa kore a ƙarƙashinsa.